Me ya sa wasu jiragen ƙarƙashin ƙasa na New York suke da lamba, wasu kuma harafi?

Malamin Firamare, Taura

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina koyarwa a wata makarantar firamare da ke cikin ƙaramar hukumar Taura, kuma akwai ƙanena da yake zaune a yankin Bronx na birnin New York a Amurka, wanda ya aiko mini da hoton taswirar jiragen ƙarƙashin ƙasa na birnin domin in nuna wa ɗalibai. Da na duba ta da kyau kafin in shiga aji da ita, sai na ga abin da ya ɗaure mini kai. Wasu jiragen lamba aka ba su, daga 1 zuwa 7, wasu kuma harafi, amma haruffan ba su tafi a jere ba. Akwai A har zuwa G, daga nan sai J, babu H, babu I, babu K; akwai L da M da N, sai a tsallake O da P a faɗa kan Q da R da S, can gaba kuma ga W da Z. Ƙanen nawa ya ce jirage biyu ne suke bi ta kusa da gidansa, wato 4 da D, kuma tsakanin hanyoyinsu tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafa.

Shin akwai wata ƙa'ida da aka bi wajen raɗa waɗannan sunaye, ko kuwa kowane jirgi abin da ya samu aka liƙa masa? Ina neman amsar da zan iya tsayawa a kanta, domin yaran aji shida ba sa barin tambaya ta wuce.

Injiniya daga Haɗeja

Wa'alaikumus salam, Allah ya gafarta Malam. Ƙa'ida kam akwai ta, sai dai ba guda ɗaya ba ce. Abin da ake gani yau a ƙarƙashin hukuma ɗaya, asalinsa hannu uku ne suka gina shi, kuma sun yi shekaru suna takara da juna, kowanne da salonsa na kiran jiragensa.

Na farko shi ne kamfanin IRT, wanda attajirin nan August Belmont ya zuba wa jari. Shi ne ya buɗe hanyar farko a ranar 27 ga Oktoba, 1904, daga ginin majalisar birni da ke kudancin Manhattan zuwa titi na 145. Na biyu kamfanin BRT ne, wanda ya yi ƙarfi a Brooklyn, kuma a 1913 hukumar birnin ta ƙulla yarjejeniya da kamfanonin biyu domin faɗaɗa hanyoyi. A ranar 1 ga Nuwamba, 1918, lokacin da direbobi suke yajin aiki, wani ma'aikaci da bai ƙware ba ya shiga wata kwana a guje a titin Malbone, sama da mutum 90 suka rasu. Ba a jima ba jarin kamfanin ya karye, aka sake kafa shi a 1923 da sunan BMT. Na uku kuma ba kamfani ba ne, gwamnatin birnin ce da kanta. Magajin gari John Hylan, wanda ya taɓa tuƙin jirgi a Brooklyn kafin a sallame shi daga aiki, ba ya ga-maciji da kamfanonin nan, saboda haka ya dage sai birnin ya gina nasa hanyoyin. Wannan shi ne IND, wanda ya fara aiki a watan Satumba na 1932. Yarjejeniya ta ɗaure kamfanonin a kan kuɗin shiga santi biyar, alhali kuwa farashin komai ya hau bayan yaƙin duniya na farko, ga kuma sabuwar kishiya, wato IND, don haka a 1940, zamanin magajin gari La Guardia, birnin ya saye su duka biyun.

Haruffan daga IND suka fito, kuma a ganina wannan ne kaɗai wurin da aka zauna aka yi tunani tun daga tushe. Hanyoyin IND manya guda biyu ne suka ratsa tsakiyar Manhattan, ɗaya a ƙarƙashin titi na takwas, ɗayar a ƙarƙashin titi na shida, wadda aka buɗe a watan Disamba na 1940. Rassa uku ne kuma suke shigowa cikinsu, ɗaya daga Washington Heights a arewacin Manhattan, ɗaya daga Bronx, ɗaya daga Queens. Sai aka ba kowane reshe haruffa biyu a jere: na Washington Heights ya sami A da B, na Bronx ya sami C da D, na Queens ya sami E da F. Harafin farko na kowane reshe ta titi na takwas zai bi, na biyun kuma ta titi na shida. Shi ya sa har gobe idan Malam ya duba taswirar zai ga A da C da E a tare, B da D da F su ma a tare. G kuwa an ba wa jirgin da yake haɗa Brooklyn da Queens ba tare da ya taka Manhattan ba. Akwai kuma ƙari a kan wannan: a wancan lokacin harafi guda yana nufin jirgin da yake zarcewa ya tsallake ƙananan tashoshi, harafi mai tagwaye kamar AA ko CC ko GG kuma yana nufin wanda yake tsayawa a kowace tasha. Wanda ya riƙe wannan ƙa'ida, da ganin goshin jirgi ya san inda ya fito, da titin da zai bi, da kuma ko zai tsaya masa.

Game da 4 da D na unguwar ƙanen Malam, ai nan ne takarar take a fili. Jirgi na 4 gadon IRT ne, yana bin titin Jerome a kan gadar ƙarfe da aka ɗaga sama da titi, an buɗe ta tun 1917. D kuwa gadon IND ne, yana bin ƙarƙashin babban titin Grand Concourse, hanyar da aka buɗe a 1933 dab da ta farkon. Dukansu suna tsayawa a titi na 161, kusa da filin wasa na Yankee.

Tsohon Ma'aikacin Reluwe, Malam Madori

Injiniya, Allah ya yi albarka, ka warware da yawa. Amma ni akwai abin da ya rage mini. Tun da ka ce a 1940 aka mayar da komai hannu ɗaya, mene ne ya hana a soke lambobin a ba kowa harafi, ko a soke haruffan a ba kowa lamba? Shekara tamanin da ɗoriya ai ta isa a gyara suna.

Ni dai zatona ba suna ne matsalar ba, ƙarfe ne. Mu da muka yi aiki a kan layin nan da ya taso daga Kano ya bi ta Ringim da nan Malam Madori ya ƙare a Nguru, mun san cewa faɗin dogonmu ƙafa uku da inci shida ne, shi kuwa sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 ƙafa huɗu ne da inci takwas da rabi. Taragon wancan ba zai hau wannan ba, ko da kuwa ofis ɗaya ne yake biyan albashin ma'aikatansu. Ina jin irin wannan ce ta raba masu lamba da masu harafi a can, idan akwai wanda ya san zancen sai ya tabbatar mana.

Malama mai koyar da Kimiyya, Ɗambatta

Baba, Allah ya ƙara girma. Kun kama bakin zaren, domin lallai ƙarfe da siminti ne suka hana, sai dai bambancin ba a dogon yake ba. Faɗin dogo a duk hanyoyin New York ɗaya ne, irin na layin Abuja zuwa Kaduna da kuka ambata. Inda aka sha bamban shi ne jikin tarago da girman ramin da yake bi. IRT ya haƙa ramukansa matsattsu, da kwane-kwane masu tsauri, saboda haka taragonsa bai kai ƙafa tara a faɗi ba, tsawonsa kuma kamar ƙafa 51 ne. Na BMT da na IND kuwa faɗinsu ƙafa goma ne, tsawonsu ƙafa 60 ko 75. Idan aka tura babban tarago cikin tsohon ramin IRT, zai goga da dandamalin tasha da bangon kwana. Idan kuma aka ɗora ƙaramin a kan hanyar manya, zai yi tafiyarsa lafiya lau, amma zai bar rata tsakanin ƙofa da dandamali wadda ƙafar mutum za ta iya zurmawa. Wannan ne ya sa jiragen aikin gyara da na kwashe shara ake ƙera su da girman IRT, domin su ne suke iya shiga ko'ina. Saboda haka a yau lamba tana nufin ƙaramin tarago, harafi yana nufin babba, in ban da jirgin jigila S na titi na 42 da yake gadon IRT ne, kuma ma'aikatan hukumar suna kiran ɓangaren lambobi sashen A, na haruffa kuma sashen B. Kada Malam ya bari wannan ya rikita yara, domin jirgin A da kansa a sashen B yake.

Ina so in cike wani gurbi da Injiniya ya bari, wato yadda lambobin suka zo, domin ba IRT ne ya fara su ba. BMT ne ya fara ba jiragensa lamba a 1924, har suka kai 16, inda 1 yake nufin hanyar Brighton, 4 hanyar Sea Beach, 16 kuma hanyar titi na 14 zuwa Canarsie. IRT kuwa duk tsawon rayuwarsa a matsayin kamfani da sunan titi da na unguwa yake kiran jiragensa. Sai a 1948, bayan birnin ya karɓe shi, aka kawo sababbin taragu masu allon lamba a goshi, kuma ko a lokacin an ɗauki shekaru kafin lambobin su zauna a bakin mutane. To, kun ga an wayi gari a birni ɗaya akwai 1 iri biyu, akwai 4 iri biyu.

Mafitar ta zo ne ta wajen girman taragon nan. Tun da BMT da IND girmansu ɗaya, ana iya haɗa hanyoyinsu jirgi ya tashi daga wannan ya ƙare a wancan, don haka daga 1960 aka fara sauya lambobin BMT da haruffa, ana ɗorawa daga inda IND ya tsaya. Hanyar Jamaica, wata unguwa a Queens, ta sami J, Canarsie ta sami LL, Myrtle ta sami M, Sea Beach ta sami N, Brighton ta sami Q, titi na huɗu na Brooklyn ya sami RR, West End ta sami T. A ranar 26 ga Nuwamba, 1967, aka buɗe wata gajeriyar mahaɗa a ƙarƙashin titin Chrystie, wadda ta ba jiragen titi na shida damar hawa gadar Manhattan su shiga tsofaffin hanyoyin BMT a Brooklyn. Daga ranar nan BMT da IND suka zama ɗaya a aikace, lambobi kuma suka zama na IRT shi kaɗai.

Akwai wani abu da ya kamata a bambance wa ɗalibai, domin rashin bambance shi ne yake sa taswirar ta zama kamar ruɗu. Harafi ko lamba ba sunan dogo ba ne, sunan zirga-zirgar jirgi ne. Dogon yana da nasa sunan na titi ko na unguwa, kuma ba ya motsawa, amma hukuma tana iya ɗauke harafi daga wannan dogo ta mayar da shi wancan. Misali, a 1998 an yi musayar tashoshin ƙarshe na arewa tsakanin B da C, har C ya koma Washington Heights, B kuma ya riƙa shiga Bronx, wato akasin tsarin da Injiniya ya bayyana. Tsarin 1932 yana nan a ƙasa, amma an yi ta gini a kansa.

Malamin Firamare, Taura

Na gode ƙwarai, Injiniya, Baba da Malama, Allah ya saka da alheri. Rabuwar lamba da harafi ta fito mini sarai. Saura haruffan da aka tsallake, da kuma tagwayen da kuka ambata, domin a taswirar da ke hannuna babu AA ko RR ko guda.

Bagumale mazaunin Bronx

Malam, barka da ƙoƙari. Ni a nan nake zaune, kuma jiragen nan su ne abin hawana na kullum, saboda haka bari in ɗauki wannan ɓangaren.

Tagwayen haruffa an soke su a 1985. Dalilin kuwa shi ne ƙa'idar ta daina faɗar gaskiya, domin bayan haɗe hanyoyi an sami jiragen da suke zarcewa a Manhattan amma su tsaya a kowace tasha a Brooklyn, ko su zarce da rana su tsaya da dare. Sai CC ya koma C, GG ya koma G, LL ya koma L, RR ya koma R. AA ba zai iya komawa A ba tun da akwai mai sunan, sai aka ba shi K, wanda shi ma aka janye shi a 1988. A yau idan ana son nuna mai zarcewa a kan 6 ko 7, sai a sa lambar cikin alama mai kusurwa huɗu a tsaye kan tsini, maimakon da'irar da aka saba.

Haruffan da babu su iri biyu ne. Akwai waɗanda ba a taɓa ba wa jirgin fasinja ba. I da O suna kama da 1 da sifiri, kuma a tashar da jirgin 1 yake tsayawa wannan ba ƙaramin haɗari ba ne ga mai sauri. P da U da Y kuwa, idan aka furta su ta lasifika suna fita kamar wasu kalmomi na Turanci, shi ne bayanin da aka saba bayarwa game da su. Sai kuma waɗanda suka yi aiki suka huta. H tun asali na IND ne, kuma HH ya yi jigila zuwa tashar titin Court a Brooklyn daga 1936 zuwa 1946, tashar da yanzu ta zama gidan tarihin sufuri na birnin. Har yanzu ma'aikata suna kiran jirgin jigila na Rockaway Park da H a takardunsu, kodayake fasinja S yake gani, kuma bayan guguwar Sandy ta 2012 an fito da H fili na ɗan lokaci. V ya yi aiki daga 2001 zuwa 2010, aka soke shi saboda ƙarancin kuɗi, M ya gaji hanyarsa. W ma an soke shi a 2010, amma aka dawo da shi a 2016. Z an ƙirƙiro shi a 1988 domin ya raba tashoshi da J a lokacin cunkoso, wannan ya tsaya a wata, wancan ya tsaya a ta gaba. A ɓangaren lambobi, 8 na ƙarshe shi ne jirgin sama-da-titi na titi na uku a nan Bronx, wanda aka rufe a 1973, 9 kuma ya yi wa 1 irin aikin da Z yake yi wa J daga 1989 zuwa 2005. T an ajiye shi ne domin hanyar titi na biyu, wadda aka buɗe kashinta na farko a ranar 1 ga Janairu, 2017, amma a yanzu Q ne yake bin ta.

Launukan da Malam ya gani a taswirar su ma suna da ma'ana. Bayan 1967 kowane jirgi launinsa daban aka ba shi, kuma taswirar da wani mai zane, Massimo Vignelli, ya zana a 1972 a kan haka ta tafi. Masu zane suna yabonta har yau, amma fasinjoji sun yi ta ƙorafi saboda ba ta dace da yadda birnin yake a ƙasa ba. A 1979 aka koma ba da launi bisa babbar hanyar da jirgi yake bi a tsakiyar Manhattan. Ja na 1 da 2 da 3 ne, kore na 4 da 5 da 6, shuɗi na A da C da E, ruwan lemo na titi na shida, rawaya na N da Q da R da W. Sai dai in ja kunnen duk mai zuwa: a nan ba a kiran jirgi da launi. Wanda ya shiga kore kawai ba tare da ya duba lamba ba, zai iya nufin titin Jerome ya tsinci kansa a Pelham Bay, domin 4 da 5 da 6 suna shiga Bronx kowanne ya kama gabansa.

Injiniya daga Haɗeja

Bayanin ɗan'uwanmu na Bronx ya cika, sai dai ina so in faɗi ra'ayina a kan abu ɗaya. Ni ban ɗauki tsarin New York abin koyi ba. Ya zauna ne saboda mutane sun saba da shi, kuma tashoshi 472 ba a sauya musu alluna a kwana ɗaya. Faris lamba take ba kowane layi tun farkon ƙarni na ashirin, Landan kuma suna take raɗawa, kamar Bakerloo da Victoria da Jubilee. Legas ta zaɓi launi, inda shuɗin layi ya fara ɗaukar fasinja daga Marina zuwa Mile 2 a 2023, jan layi ya biyo baya a 2024. Idan wata rana Kano ta yi nata jirgin cikin gari, launi zan ba da shawara, domin dattijon da ya yi karatun allo bai yi boko ba, B da D duk ɗaya ne a idonsa, amma ja da kore ba sa ɓoyuwa.

Malama mai koyar da Kimiyya, Ɗambatta

Injiniya, na yarda da kai a kan dattijon, amma launi yana wadatarwa ne muddin kowane dogo jirgi iri ɗaya ne yake bin sa daga farko zuwa ƙarshe, kamar yadda yake a Legas yanzu. Ranar da layi ya yi rassa, ko aka sa dogo huɗu a rami ɗaya, biyu na masu zarcewa biyu na masu tsayawa, kamar yadda New York ta yi tun 1904, dole a nemo wata alama a ɗora a kan launin. Ga kuma masu matsalar ido da ba sa bambance ja da kore, waɗanda yawancinsu maza ne. Birnin Meziko ya bi wata hanya da ta fi dacewa da damuwarka: tun da aka buɗe jirginsa a 1969, kowace tasha tana da hotonta, kamar hoton ƙwaron nan fara a tashar Chapultepec, domin wanda bai iya karatu ba ya gane inda zai sauka, layukan kuma suna da lamba da launi a tare.

Malam, idan za ka kai wannan aji, ina ganin ka fara da haruffa shida na farko. Ka zana rassa uku a saman allo da hanyoyi biyu a ƙasa, ka rubuta A da B a reshen farko, ka bar yaran su cike sauran da kansu, sa'an nan ka nuna musu taswirar su nemo inda B da C suka sauya wuri.